Yadda Za Ku Kare Ɗakinku da Unguwarku Idan Annoba Ta Same Ku a Ƙasar Mutane

A ƙarshen watan Maris na 2020 hukumomin Saudiyya suka rufe unguwanni shida a Makka, ba shiga ba fita: Ajyad, Masafi, Misfala, Hajun, Nakkasa da Hoshi Bakar. Bayan 'yan kwanaki aka yi wa wasu unguwannin kudancin Jidda irin wannan kulle, ciki har da Kilo 14 da Gulail da Mahjar. Duk wanda ya san garuruwan nan biyu ya san masu kwana a waɗannan lunguna. Baƙi ne, 'yan Afirka da 'yan Bama da Yamalawa da 'yan Bangaladash, kuma Hausawa ba kaɗan ba ne a cikinsu, wasu a can aka haife su, wasu Umara ta kai su suka zauna. A makonnin da suka biyo baya, alƙaluman da Ma'aikatar Lafiya ke karantawa kullum suka riƙa nuna cewa mafi yawan sababbin masu kamuwa da korona ba 'yan ƙasa ba ne.

Haka aka gani a Singafo, inda a lokacin leburori baƙi ke kwana su 12 zuwa 20 a ɗaki guda. Zuwa Disambar 2020 gwamnatin ƙasar ta ce kusan kashi 47 cikin 100 na ma'aikata 323,000 da ke zaune a irin waɗannan gidaje sun kamu, alhali sauran mutanen gari kaɗan ne cutar ta taɓa.

Abu uku ke jawo wannan: cunkoson wurin kwana, aikin da sai an fita ake ci, da tsoron takarda da ke hana mutum zuwa asibiti har sai ya galabaita. Shawarar da ake watsawa a talabijin, cewa kowa ya zauna a gida ya ware ɗakinsa, an tsara ta ne don mai gida da albashi. Wanda ke raba ɗaki da mutum tara ba zai iya kare kansa shi kaɗai ba. Dole ɗakin gaba ɗaya ya yi shiri, da unguwar, kuma matakan da ke ƙasa na irin wannan zama ne.

Mataki na farko: ku gano ta wace hanya cutar ke shiga jiki

Kafin ku kashe riyal ɗaya ku san abin da kuke gudu. A 2020 mutane da yawa sun ƙarar da kuɗinsu kan safar hannu da feshin takalma, suka koma suka kwana cikin ɗaki mai rufaffiyar taga, inda cutar take da gaske.

Korona da mura da ƙyanda da tarin fuka iska suke bi, don haka abin da ke tare su shi ne iska mai wucewa, da takunkumin fuska, da rage taro. Sanƙarau da mashaƙo suna bin yawu da tari tsakanin masu zama kusa da juna. Kwalara da taifod ta baki suke shiga, cikin ruwa da abinci da hannun da ba a wanke ba, takunkumi ba ya musu komai. Ebola tana bin jini da amai da gudawar majiyyaci, da gawarsa. Zazzaɓin dengi kuwa, wanda Jidda ke fama da shi tun 1994, sauro ne ke kawo shi, sauron da ke cizo da rana yana kuma ƙyanƙyasa a cikin ruwa mai tsabta da aka tara a duro ko bokiti ba murfi. Masu kiwo su riƙe wannan: cutar numfashi ta MERS da aka fara ganowa a Jidda a 2012 daga raƙuma take fitowa, kada a sha nononsu sai an tafasa.

Ku tambayi abu uku daga ma'aikatar lafiyar ƙasar da kuke: ta ina take yaɗuwa, kwana nawa take yi a jiki kafin ta bayyana, kuma akwai allurar rigakafinta ko babu. A Saudiyya lambar ma'aikatar 937 ce, motar asibiti kuma 997. A Ingila 111 don shawara, 999 don gaggawa. A ƙasashen Tarayyar Turai 112, a Amurka 911. Ku rubuta su a bango, domin ranar da ake buƙata ba kowa ke tuna lamba ba.

Mataki na biyu: ku warware zancen takarda tun kowa na da lafiya

Nan ne nake ganin an fi asarar rayuka. Mutum yana numfashi da ƙyar, 'yan ɗaki suna kallonsa, kowa na lissafin cewa in an kira motar asibiti askarawa za su biyo baya a kwashe su zuwa tarhil, wurin tsare baƙin da za a mayar ƙasarsu. Tsoron ba na banza ba ne, mutane sun ga abin da suka gani. Sai dai a lokacin annoba gwamnatoci kan canja doka, saboda sun san cutar da aka ɓoye a lungu za ta iso gidan kowa, kuma sau da yawa labarin canjin ba ya kaiwa ga waɗanda aka yi dominsu.

Ranar 30 ga Maris 2020 Ministan Lafiya na Saudiyya na lokacin, Taufiƙ al-Rabi'a, ya sanar da umarnin Sarki Salman cewa a yi wa kowa maganin korona kyauta, ɗan ƙasa da mai igama, wato takardar izinin zama, da ma wanda ya karya dokar zama, ba tare da an hukunta shi kan hakan ba. A watan ne kuma Fotugal ta ba duk baƙin da takardunsu ke kan layi haƙƙin mazauna na wucin gadi don su iya zuwa asibiti. Waɗannan umarni ne na waccan annoba, kowace sabuwa sai an sake tambaya.

Wasu ƙasashen kuma dokarsu ta dindindin ce. A Italiya marar takarda yana iya karɓar lambar da ake kira STP a asibiti, kuma doka ta hana ma'aikatan lafiya kai rahotonsa ga hukuma don rashin izinin zama. A Ingila yin rajista da likitan unguwa kyauta ne, ba a buƙatar shaidar izinin zama, gwaji da maganin cututtuka masu yaɗuwa irin tarin fuka da ƙyanda ma kyauta ne ga kowa, amma kwanciya a asibiti kan wata cutar daban tana iya zuwa da takardar biyan kuɗi. A Faransa akwai tallafin kuɗin asibiti da ake kira AME ga marar takarda mai ƙaramin ƙarfi da ya yi wata uku a ƙasar. A Amurka dokar 1986 ta wajabta wa sashen gaggawa ya duba duk wanda ya zo, zancen kuɗi daga baya.

Ga abin yi. Ku zaɓi mutum ɗaya ko biyu masu cikakkiyar takarda, masu jin harshen ƙasar, su zama bakin jama'a. Su ne za su kira lambar ma'aikata su yi tambaya ba tare da ambaton sunan kowa ba: wanda ba shi da igama, ina zai je, me za a nema a hannunsa? Su je da ƙafarsu su ga asibitin, su san ƙofar da ake shiga. Su ne kuma za su raka marar lafiya su yi masa tafinta. Amsar da suka samo a faɗe ta da Hausa a saƙon murya, a tura wa kowa, domin da yawa cikin dattawanmu da matanmu ba sa karanta Larabci ko Turanci, wasu ko boko.

Su riƙe lambar ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya ko na Nijar da ke Jidda, ko na garin da kuke. Annoba kan zo da tsangwama. A Afrilun 2020 an fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal a birnin Guangzhou na Sin, har Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin a Abuja kan batun. Abin da ya sa maganar ta yi ƙarfi shi ne hotuna da bidiyon da mutanen suka ɗauka. In an kore ku daga gida ko an hana ku magani, ku rubuta rana da wuri da abin da aka ce, ku ajiye rasiɗin haya.

Mataki na uku: ku gyara ɗakin

Ku zauna gaba ɗaya ku tantance waɗanda cuta za ta fi kayarwa: dattijo, mai ciwon suga, mai hawan jini, mai asma, mai sikila, mace mai ciki, jariri. Su za a ba wuri mafi iska kuma mafi nisa da ƙofar da masu fita aiki ke shigowa. In akwai ɗan'uwa mai gida mai sarari, a roƙe shi ya karɓi dattijon tun kafin wani ya fara tari, domin bayan an fara, mayar da shi wani gida kai cuta ne can.

Zancen iska yana da wuya a ƙasa mai zafi irin Hijaz, amma ba makawa. Yawancin na'urorin sanyaya ɗaki iskar ciki suke juyawa, ba sa kawo sabuwa. Mutum goma a rufaffen ɗaki mai sanyi numfashin juna suke shaƙa har asuba. Ku bar taga a ɗan buɗe ko da na'urar na aiki, ku kuma riƙa buɗe taga da ƙofa tare na 'yan mintuna a kai a kai don iska ta ratsa. In akwai fanka, a ajiye ta bakin taga tana hurawa waje. A jera shimfiɗa kai da ƙafa, wato inda wannan ya sa kai, na kusa da shi ya sa ƙafa. Inda mai aikin dare da mai aikin rana ke karɓa-karɓa a katifa ɗaya, kowa ya mallaki zanin gadonsa da matashinsa.

A banɗaki, hannun buta da kan famfo da mariƙin ƙofa su ne kowa ke taɓawa. A ajiye sabulu a wurin kullum, a wanke hannu na daƙiƙa 20 bayan tsarki, ba kurkura kawai ba. Don goge wurare, a zuba ma'auni 1 na bilic irin Clorox mai ƙarfin kashi 5 cikin ma'auni 49 na ruwa. Inda amai ko gudawa ko jini ya zuba, ma'auni 1 cikin 9. A haɗa sabo kowace rana. Kada a taɓa gauraya Clorox da Flash ko wani ruwan wanke masai, hayaƙin da ke tashi yana ƙona huhu.

Sai kayan ajiya. Ma'aunin zafin jiki, ƙaramar na'urar auna iskar jini da ake maƙalawa a yatsa, Panadol, fakitin gishiri da sukari na kemis, takunkumi mai kyau irin N95 ko KN95 don mai jinya, da abincin mako biyu: shinkafa, taliya, wake, mai, gari. Mai shan maganin suga ko hawan jini ya tanadi na wata guda, domin a kullen awa 24 da aka sa wa Makka da Madina daga 2 ga Afrilun 2020 fita ta zama sai da dalili, cikin unguwa, a sa'o'i ƙididdigaggu.

A ƙarshe a rubuta takarda ɗaya a ba shugaban ɗaki: cikakken sunan kowa yadda yake a fasfo, ciwon da yake da shi, maganin da yake sha, da lambar wani nasa a gida. Kada a rubuta wane ne mai igama wane ne ba shi da ita, a takarda ko a zauren WhatsApp.

Mataki na huɗu: ku buɗe asusun jinya

Mai wankin mota ko mai dako ko mai tallar turare da ya tashi da zazzaɓi zai sha Panadol biyu ya fita, saboda in bai fita ba ba abinci, ga haya, ga iyali a Kano ko Damagaram suna jiran aike. Wa'azi ba zai zaunar da shi ba. Abin da zai zaunar da shi shi ne ya tabbata akwai mai ciyar da shi kwana goma.

Mun saba da adashi, to a yi irinsa amma na jinya. Kowace Juma'a kowa ya zuba abin da aka yanke, komai ƙanƙantarsa. Mutum biyu amintattu su riƙe, a rubuta shiga da fita a littafi, a karanta wa jama'a. A yanke tun farko me asusun ke biya: abincin wanda aka killace, rabonsa na haya, kuɗin mota zuwa asibiti, katin waya. Sharaɗi mafi muhimmanci shi ne a kai wa mutum haƙƙinsa ba sai ya roƙa ba, domin da yawa cikinmu sun gwammace su fita da ciwo da su buɗe baki su ce ba su da shi. A yarda kuma a tsakani cewa wanda ya faɗi cewa ba ya jin daɗi ba za a yi masa kallon wanda ya kawo bala'i ba. Ɗakin da aka wulaƙanta mutum na farko, na biyu ɓoyewa zai yi.

Ku kira gida tun da wuri ku gaya musu aike zai ragu. Gara su ji yanzu su yi tattali.

Mataki na biyar: idan wani ya kwanta

In gidan na da ɗaki fiye da ɗaya, a kwashe masu lafiya a bar masa guda, ko da sauran za su matsu. In ɗaki ɗaya ne tal, a ba shi lungun da ke bakin taga, a rataya labule, a bar tazarar mita biyu in ta samu, fanka na fitar da iska ta gefensa. Shi ya sa takunkumi, sauran ma su sa. Kofinsa da kwanonsa da butarsa da tawul ɗinsa daban. Ya riƙa shiga banɗaki a ƙarshe, a goge bayan ya fito.

Mutum ɗaya ne zai yi jinya, matashi mai lafiya, wanda ya yi rigakafin cutar in akwai. Safe da yamma ya auna zafi da iskar jini ya rubuta, da yawan abin da majiyyacin ya sha da ko yana fitsari. Wannan takarda za ta yi wa likita amfani fiye da dogon bayani. Sauran 'yan ɗaki su ɗauka sun riga sun haɗu da cutar, su daina shiga wasu ɗakuna har kwanakin da hukuma ta faɗa su cika.

Babba yana iya shan Panadol mai 500 guda biyu, tsakani awa 4 zuwa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da kwana. Inda ake zargin dengi a guji asfirin da ibuprofen, suna ƙara zubar jini. Maganin kashe ƙwayoyin cuta irin amoksilin ba ya taɓa korona ko mura ko ƙyanda. A Maris 2020 asibitoci a Legas sun karɓi mutanen da suka sha kulorokwin fiye da kima don gudun korona.

Ga mai gudawa, ruwa ne ransa. In ba fakitin kemis, a samu lita 1 ta ruwan da aka tafasa ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ba tsayawa, in ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba. Mai shayarwa kada ta daina ba da nono.

Akwai alamun da in an gan su zancen jinyar gida ya ƙare, da takarda ko babu. Numfashi ya yi wuya har mutum ba ya iya ƙarasa magana, ciwon ƙirji, ruɗewa, ko a tashe shi ya kasa farkawa sosai. Na'urar yatsa ta nuna 92 ko ƙasa. A nan a kula: an gano cewa na'urar kan nuna lamba sama da gaskiya a kan baƙar fata, baƙin lalle da jan farce ma suna ruɗa ta, don haka in mutum yana haki kada lamba mai kyau ta sa a zauna. A duba cikin leɓe da dasashi, in sun yi fari ko toka-toka a tafi. Zazzaɓi da matsanancin ciwon kai da sanƙarewar wuya sanƙarau ne har sai likita ya ce ba shi ba ne, kuma awanni yake ɗauka, ba kwanaki ba. Gudawa fara kamar ruwan wankin shinkafa, ido ya faɗa, fitsari ya ɗauke, kwalara ce, a tafi ana ba shi ruwan gishiri da sukari a hanya. Dengi kan yi muni ne daidai lokacin da zazzaɓin ya sauka, da ciwon ciki da amai da jini a dasashi. Yaron da ya ƙi nono, ko yake aman komai, ko ya yi jijjiga, ko haƙarƙarinsa ke lotsawa in ya ja numfashi, da jaririn da bai kai wata uku ba ya yi zazzaɓi, duk asibiti ne nan take.

Wanda bai daɗe da zuwa daga gida ba ya gaya wa likita, ya nemi a gwada shi zazzaɓin cizon sauro. Likitan da ba ya ganin maleriya kullum, ga annoba ta cika masa kai, yana iya mantawa da ita.

Ga 'yan'uwa mata masu aikatau

Ke ce mai wanke kayan majiyyacin gidan, ke ce mai kwashe tasa, kuma sau da yawa ke ce ta ƙarshe da za a tuna a ba takunkumi. Ki nema, haƙƙinki ne. Kada ki kakkaɓe zanin gadon marar lafiya kafin wanki, ki naɗe shi a hankali, ki wanke hannu bayan kin cire safar hannu. Wayarki da lambar mace ɗaya amintacciya a waje su kasance tare da ke kullum, ku yi alkawarin gaisawa kowace rana a lokaci sananne, in aka ji shiru a bincika. Matan da ke zuwa aiki gida biyu ko uku a yini su rage zuwa ɗaya in hali ya yi, asusun jinya ya cike gurbin. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma kwamitin unguwa da babu mace a cikinsa ba zai taɓa jin labarin wadda ke kwance a ɗakin bayan kicin ba.

Mataki na shida: ku tsare zauren WhatsApp, ku yi rigakafi

A Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙo ya zagaye Najeriya cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane sun mutu, wasu aka kwantar da su. A ƙasar waje abin ya fi sauƙin kamawa, saboda wanda ba ya jin harshen gari ba shi da labari sai na wayarsa.

Misalin da ya kamata iyaye su sani shi ne na Somaliyawan jihar Minnesota a Amurka. A 2004 kashi 92 cikin 100 na ƙananan 'ya'yansu sun yi allurar ƙyanda. Sai jita-jita ta shiga cewa allurar ce ke jawo wa yara larurar galahanga, masu adawa da rigakafi suka riƙa shirya musu taro, har Andrew Wakefield ya je ya gana da iyaye, mutumin da aka soke bincikensa aka kuma ƙwace lasisinsa na likita a Ingila a 2010. Zuwa 2014 adadin ya faɗo kashi 42. A 2017 ƙyanda ta ɓarke, ta kama mutum 75, yawancinsu 'ya'yan Somaliyawa marasa allura. Iyayen nan ba sakaci suka yi ba, son 'ya'yansu ne aka yi amfani da shi. Da aka tashi gyara, da limamai da ma'aikatan lafiya 'yan cikinsu aka yi aikin.

Ƙyanda tana kama 9 cikin 10 na marasa rigakafi da suka kusanci mai ita, tana kuma iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan ya fita. Allura biyu tana karewa kusan kashi 97. Ku binciki katin kowane yaro. Wanda katinsa ya ɓace a hanya a kai shi a faɗa wa ma'aikata, maimaita allurar ba ta cutarwa. Manya kuma su duba ta sanƙarau mai kare nau'i huɗu, wadda Saudiyya ta wajabta wa alhazai bayan ɓarkewar cutar a Hajjin 2000 da 2001, ana yin ta aƙalla kwana 10 kafin shiga. Sayen katin rigakafi ba tare da an yi allurar ba, kamar yadda wasu ke yi don a wuce filin jirgi, cin amanar duk wanda za ka kwana da shi a ɗaki ne.

A zaure kuwa a sa doka ɗaya: duk saƙon magani ko na rigakafi, kafin a tura, sai ya bi ta hannun wanda aka naɗa, nas ko ɗalibin likita ko mai kemis daga cikinku. Wanda ya turo ƙarya a gyara masa a keɓe, cikin girmamawa, musamman in dattijo ne.

Mataki na bakwai: masallaci, tire da ta'aziyya

Ranar 17 ga Maris 2020 aka dakatar da jam'i a masallatan Saudiyya ban da Harami biyu, ladanai suka riƙa ƙarawa da "ku yi salla a gidajenku". Wannan lafazi yana da asali tun zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a daren sanyi da ruwan sama. Haɗarin da ya rage shi ne a rufe babban masallaci sai mutum talatin su taru a ɗaki ɗaya su yi jam'i a ɓoye, wanda ya fi na farkon muni. 'Yan ɗaki su yi jam'insu su kaɗai. Liman ya faɗa da bakinsa cewa mai tari ko zazzaɓi da ya zauna a gida bai yi laifi ba, domin daga bakinsa ne za a yarda.

Cin abinci a tire ɗaya da shan shayi a kofi ɗaya a dakatar har annoba ta wuce, kowa a zuba masa nasa. Suna da ɗaurin aure a taƙaita, ta'aziyya a yi ta waya. Gawar wanda ya rasu da Ebola ko kwalara tana yaɗa cuta, a bar wa ma'aikatan da aka horar su yi mata sutura, dangi su nemi a ba su damar yin salla daga ɗan nesa.

Mataki na takwas: zancen komawa gida

Da abu ya yi tsanani zuciya gida take nufa, gara a mutu cikin dangi. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya yi magana kai tsaye: in kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, in ta ɓarke kuna ciki kada ku fita don gudunta. Da shi Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham a lokacin annobar Amwas. Mun kuma ga abin da ya faru a 2020 da aka riƙa mayar da almajirai jihohinsu a manyan motoci, aka gwada su a Kaduna da Jigawa aka samu da dama sun kamu. Ƙauyen da za ka koma yana da tsofaffi, asibitinsa kuma wataƙila ba shi da iskar oksijin.

In komawar ta zama dole, ko an kwaso ku ne, kada ka hau mota ko jirgi da zazzaɓi ka danne shi da Panadol don ka wuce ma'auni. Ka riƙe katin rigakafinka da takardun asibiti da sauran maganinka a jakar hannu. Mai shan maganin tarin fuka kada ya yanke ko kwana ɗaya, ya nemi takardar da ke nuna watan da ya kai cikin wata shida na shan maganin, ya kai ta cibiyar tarin fuka mafi kusa, a Najeriya maganin kyauta ne. Ka kira gida kafin ka iso a ware maka ɗaki, a kuma gaya wa 'yan'uwa su jinkirta zuwa sannu da zuwa: kwana 21 in Ebola ce ko ƙyanda, sauran kuma yadda hukuma ta ƙayyade. In ka ji canji a jikinka cikin waɗannan kwanaki, ka kira lambar kyauta ta hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, 6232, ko ka aika a sanar da asibiti kafin ka je, kuma farkon abin da za ka gaya wa ma'aikacin lafiya shi ne ƙasar da ka fito da ranar da ka sauka.